Kafin Ka Rubuta Babi na Ɗaya: Sharhi a Kan Wani Ƙudurin Bincike

 

A hutun da ya wuce wani ƙanena a aikin koyarwa, malamin firamare daga wajen Tudun Wada da ke karatun digirin Hausa a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ya kawo mini ƙudurin bincikensa, wato abin da ɗalibai ke kira furofozal. Shafi 14 ne. Sau biyu malamin da ke duba aikin yana dawo masa da shi. Ya ce da ni, "Yaya, don Allah duba mini ƙa'idojin rubutu, ina jin a nan matsalar take." Kowane zuwa birni kuɗin mota ne, ga kuɗin bugawa a shagon kwamfuta, ga yini guda da yake barin yara a aji.

Na karanta sau biyu. Kurakuran rubutu suna nan, kuma za mu zo kansu. Amma ko da na sa wa kowace "k" ƙugiyarta, na raba duk kalmar da ya haɗe, wallahi da an sake dawo masa da shi. Takardar ta cika kowane kanu da ake buƙata, sai dai babu tambaya ko ɗaya a cikinta. Da izininsa zan bi ta tare da kai, domin na ga irinta da yawa a hannun ɗalibai daga Bebeji har Doguwa, kamar a injin guda aka buga su.

Ni ba malamin jami'a ba ne, a sakandare nake koyarwa. Kowane sashe yana da tsarinsa, kuma abin da mai duba aikinka ya ce shi za ka bi. Nawa shi ne in duba Hausar takarda, in nuna maka abin da Hausar take tonawa game da tunanin mai ita.

1. TAKEN AIKI

Ga yadda ya rubuta: "Nazari Akan Harshe Da Al'adun Mutanen Kano Ta Kudu."

Kuskuren farko a bayyane yake. "Akan" a haɗe na sabo ne, kamar "akan yi ruwa a watan Agusta." Wanda ake nufi a nan shi ne "a kan", a rabe. Wannan gyaran minti ɗaya ne.

Babban abin shi ne faɗin taken. Kano ta Kudu ƙananan hukumomi 16 ne, daga Gaya da Ajingi har Rogo da Doguwa. Nazarin Hausa kuma gida uku ne, harshe da adabi da al'ada, shi ya ɗauko biyu a lokaci guda, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Mutum ɗaya ne, mai albashin firamare, da 'yan watanni a gabansa. In ka ga take irin wannan, ka san mai shi bai riga ya yanke abin da yake nema ba.

Sai na ajiye takardar na tambaye shi: "Malam, a Hausar da kake ji kullum a garinku, me ya taɓa ba ka mamaki?" Bai ko yi tunani ba. Ya ce wasu yaran ajinsa suna rubuta "rigan malam" da "mota ne", ya gyara har ya gaji, kuma ya lura yawancin masu yin haka iyayensu daga can kudu suka taso, ta wajen Doguwa. Ya ce mahaifiyarsa kuwa ba ta taɓa cewa "mota ne" ba.

To ka ji batun bincike, yana aljihunsa bai sani ba. A daidaitacciyar Hausa suna mace yana ɗaukar dirkar "ce" da nasabar "-r": riga ce, rigar malam. Masana sun daɗe da bayyana cewa a Hausar wasu sassan Zazzau da Bauchi wannan bambanci na jinsi ya yi rauni, har ana jin "ne" da "-n" a inda Bakano zai sa "ce" da "-r". Doguwa kuwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi, kuma ban da Hausawa da Fulani akwai Kurama a yankin. Shin ina wannan sauyi yake farawa in ka taso daga Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore ka nufi kudu? A bakin wa ya fi yawa, tsofaffi ko yara? Wannan tambaya ce da ake iya amsawa da ƙafa da kunne. Taken da na ba shi shawara gajere ne: "Jinsi a Hausar Tudun Wada da Doguwa."

2. DALILI, MANUFA, MUHIMMANCI

Kanu uku ne a takardarsa, amma magana ɗaya ce ya sauya wa riga sau uku. Ga ta ƙarƙashin manufa: "Manufar wannan bincike ita ce domin a bunƙasa harshen Hausa da kuma cike gurbi, sannan da samun takardar shaidar digiri."

Ta fuskar nahawu, "ita ce" da "domin" ba sa zama tare a nan. Ko dai ka ce "manufar ita ce gano kaza," ko ka ce "za a yi binciken domin a gano kaza." Ɗaya ta wadatar.

Sannan ka dubi aikatau ɗin da ya zaɓa. "Bunƙasa": ranar kare kundi, da wane mudu za ka auna wa malamai cewa Hausa ta bunƙasa saboda aikinka? "Cike gurbi": wane gurbi, a ina yake? Takardar shaida kuwa kowa ya san ita ta kawo ka, amma buƙatarka ce, ba manufar bincike ba. Manufa tana son aikatau da ake iya cewa an yi ko ba a yi ba: gano, tantance, kwatanta, ƙirga, bayyana.

Ga yadda nake rarrabe su ga ɗalibai:

Dalili: me ka gani ko ka ji da ya tayar da kai? A nan labarin yaran ajinsa zai zauna.

Manufa: me za ka yi a kai? Misali, "tantance wuraren da masu magana ke amfani da dirkar 'ne' da nasabar '-n' ga suna mace a garuruwa uku, da kwatanta yawan haka tsakanin tsofaffi da matasa."

Muhimmanci: in ka gama, wa zai amfana, kuma ta yaya? Ga misali mai rai: malamin Hausa a yankin zai san cewa yaron da ya rubuta "rigan malam" ba daƙiƙi ba ne, Hausar gidansu ya rubuta, don haka koya masa daidaitacciyar Hausa za a yi, ba zagi ba.

Kowace manufa ta haifi tambaya guda. Kowace tambaya ta sami gurbinta a babin nazari. A kammalawa kuma a dawo a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan igiyar ce ke riƙe kundi tun daga shafin farko har na ƙarshe, in ta tsinke sai ka ga babi-babi kowane ya kama gabansa.

3. BITAR AYYUKAN DA SUKA GABATA

A nan ne na fi daɗewa, domin a nan ɗalibanmu suka fi yaudarar kansu. Shafi shida ya yi, kuma kowane sakin layi ƙirarsa ɗaya: wane, a shekara kaza, ya rubuta littafi mai suna kaza. Daga nan sai wannan jimla, wadda na ƙirga ta sau tara: "Wannan aiki yana da alaƙa da nawa domin duk a kan Hausa suke magana, amma sun bambanta domin shi bai yi a kan Kano ta Kudu ba."

Kai jama'a! Da wannan ma'aunin ai littafin koyon girki ma yana da alaƙa da aikinka, tunda da Hausa aka rubuta shi. Wannan jerin sunaye ne, kamar mai kiran rajista da safe. Bita kuwa zama ne da magabata a kan tambayarka: me suka ce game da ita, ina suka yarda da juna, ina suka saɓa, ina suka yi shiru.

Ya ambaci Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. Littafi ne mai daraja, amma tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa ne batunsa, ba zai gaya maka komai a kan dirka a bakin mutumin Doguwa ba. Ya ambaci littafin nahawu na M.K.M. Galadanci na 1976. Na tambaye shi me Galadanci ya ce game da jinsi. Ya yi murmushi, ya ce gaskiya daga wani tsohon kundi ya kwaso sunan. Na gode masa da bai ɓoye ba. Amma ka sani, ɗan uwa, malamin da ke duba aikinka ya ga wannan jerin a kundi fiye da goma, har da kuskuren shekarar da ake gada daga kundi zuwa kundi. Kwafe kuma sata ce, ko da an sauya kalma biyu.

Ga mai tambaya a kan jinsi, littattafai biyar da aka karanta sun fi talatin da aka ji sunansu. Ya buɗe Galadanci ya ga yadda aka bayyana tsarin a daidaitacciyar Hausa. Ya nemi babban littafin nahawun Paul Newman na 2000, wanda ya taɓo bambance-bambancen karin harshe. Ya duba ƙamusun Bargery na 1934, wanda ke nuna jinsin suna, kuma sau da yawa yana nuna yankin da ake amfani da kalma. Ya gwama da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sannan ya nemi kundayen da aka rubuta a kan Zazzaganci da Kananci a ɗakunan karatu na sassan Hausa a Kano da Zariya.

Sai bayan ya yi wannan ne zai iya rubuta hujjar ci gaba da bincike. A takardarsa hujjar layi ɗaya ce: "A iya sanin mai bincike ba a taɓa yin aiki irin wannan ba." To, iya saninka ina ya tsaya? In ba ka taka ɗakin karatu ba, jimlar gaskiya ce, amma kai take tona wa asiri. Hujja mai ƙarfi ita ce ka ce, wane ya bayyana abin a Zazzau, wane ya bayyana Kananci, ni kuma zan duba bakin iyaka inda suke haɗuwa.

4. FARFAJIYA DA HANYOYIN BINCIKE

Ya rubuta: "Za a yi hira da masana da dattawa, za a ziyarci ɗakunan karatu, kuma za a shiga intanet." Cire wannan jimla ka liƙa ta a ƙudurin mai nazarin waƙoƙin Shata, ko na mai nazarin bikin aure, za ta zauna daram. Jimlar da ta dace da kowane aiki ba ta faɗi komai a kan naka ba.

Mai karanta ƙudurinka yana son ya ji su wa, a ina, mutum nawa, kuma ta yaya. Misali: gari uku, ɗaya a Tudun Wada, biyu a Doguwa. A kowane gari mutum goma, rabi sun haura shekara 50, rabi ba su kai 25 ba, maza da mata. A rubuta harshen da kowa ya tashi da shi a gida, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Kuramanci, domin wannan na iya zama mabuɗin amsar.

Akwai kuma tarkon da ya kamata ƙuduri ya nuna an hango shi. In ka je a matsayin malam da biro a aljihu ka ce, "Baba, mota ce ake cewa ko mota ne?" amsar makaranta ko ta rediyo za a ba ka. Mutum yana gyara bakinsa in ya san ana auna shi. Dabara ita ce ka nemi izini ka kunna rikoda a wayarka, ka ja shi da hirar noman masara ko farashin shinkafa, ka bar "ce" da "ne" su fito da kansu. Hira da matan aure kuma tana buƙatar ka tanadi 'yar uwa ko ɗaliba da za ta shiga gida a madadinka. Duk wannan a cikin ƙuduri ake faɗarsa.

Haka ma lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaushe ne hutun makaranta? Wace rana ce kasuwar garin? Da damina manomi yana gona, wasu hanyoyin ƙauye kuma ba sa biyuwa. Sannan mayar da hirar awa ɗaya zuwa rubutu na iya cinye maka yini guda cur. Mutum talatin fa ka ce. Yi lissafi tun yanzu, in ya fi ƙarfinka ka rage tun kafin a sa hannu.

5. TSARIN BABI-BABI

Yawancin kundayen digirin farko da na gani babi biyar ne: gabatarwa, bita, bayanin yanki ko hanyoyin bincike, nazarin abin da aka tattaro, sai kammalawa. Ba laifin tsarin ba ne. Laifin yana wajen rabon shafuka.

A tsarin ƙanen nawa, babi na uku sunansa "Tarihin Ƙasar Kano", kuma ya faro tun daga Bagauda. Na ce masa, "Malam, me ya haɗa Bagauda da 'rigan malam'?" Na sha ganin kundin da tarihin gari ya cinye shafi 25, da jerin hakimai da sunayen unguwanni, sannan babin nazari, wanda shi kaɗai ne gumin ɗalibi, ya ƙare a shafi takwas. Tarihin da aikinsa ke buƙata shi ne wanda ya shafi bakin mutane: su wa suka zauna a yankin, daga ina suka zo, da wa suke cin kasuwa, da wa suke auratayya. Shafi uku ko huɗu sun isa.

Kowane babi ka tsayar da shi ka tambaye shi wace tambaya yake taimaka wa amsawa. In ya rasa amsa, ka sallame shi, komai wahalar da ka sha wajen rubuta shi. Kada kuma ka fara da sadaukarwa da godiya. Na ga wanda ya gama gode wa mutum arba'in bai yi hira da ko mutum ɗaya ba. Su da tsakure a ƙarshe ake rubuta su.

6. HAUSAR TAKARDAR

Yanzu ga abin da ya kawo shi wurina.

Lokaci: ƙuduri alkawari ne, don haka "za a" yake ɗauka. Kundi rahoto ne, "an" yake ɗauka. Da yawa sukan ɗauki ƙudurin su mayar da shi babi na ɗaya ba tare da sun taɓa shi ba, sai ka ga kundin da aka ɗinke yana cewa "za a yi hira da dattawa." Yaushe kuma?

Mai magana: a shafi ɗaya ya ce "mai bincike ya lura", a na gaba "na lura", can kuma "mun lura". Tambayi abin da sashenku ya fi so, ka riƙe shi har ƙarshe.

Kalmomin fannu: abu guda ya kira shi "dirka" a nan, "kalmar tabbatarwa" a can. Tun 1990 akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Dalhatu Muhammad ya tace. Zaɓi kalma ɗaya ka bayyana ta sau ɗaya, ka zauna a kanta.

"Bincike ya nuna cewa": wane bincike, na wa, a wace shekara? In ba ka da amsa, goge.

Rabawa da haɗewa: ya rubuta "za'a", daidai "za a". Ya rubuta "ya na", daidai "yana". Ya rubuta "kenan", daidai "ke nan". Waɗannan ba ra'ayin wani malami ba ne, an zauna a kan daidaita rubutun Hausa tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980.

Ƙugiya: "Kiru" ya rubuta maimakon "Ƙiru". Wanda ya fi ba ni dariya kuma shi ne inda ya ƙara ƙugiyar da ba a nema ba, ya rubuta "ƙarin harshe" a wuri shida. Karin harshe shi ne irin su Kananci da Sakkwatanci. Ƙarin harshe kuwa sai dai in wani harshen za ka ƙaro a kan wanda kake da shi. Kada ka dogara da mai buga maka aiki, ba lallai ne ya san bambancin ba, kuma sunanka ne a bangon kundin.

ABIN YABO

Kada in yi masa rashin adalci. A shafi na biyu akwai sakin layi guda da ya ba da labarin yadda yake jin Hausar fasinjoji tana sauyawa a cikin mota in an wuce Falgore. Babu kwafe a ciki, Hausa ce tsaf, jimloli gajeru. Shi kaɗai ne wurin da na ji muryarsa a shafi 14, kuma shi ne ya yi niyyar gogewa wai bai yi kama da rubutun jami'a ba. Na ce ya mayar da shi farkon takarda.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Ɗalibi daga yankinmu sai ya ga kamar ilimi yana cikin birni ne kawai, ya je ya kwafo take, alhali ya baro abin nazari a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji an kammala ta a 1974. Kalmomin su da ke bakin masuntan wurin, na taru da birgi da mamari da sunayen kifaye, na gida ne ko baƙi ne suka zo da su? Wannan kundi ne guda. A Riruwai an haƙi kuza a zamanin Turawa, kuma tsofaffin leburori suna da kalmominsu na rami da na awo da na biya. Kundi ne guda. Zaurancen dillalai a kasuwar Kwanar Ɗangora ta Ƙiru, shi ma haka. Masu waɗannan kalmomi tsufa suke yi, duk wanda ya rasu ya tafi da nasa. Kundin da aka kwafo kuwa, ranar da aka ba da maki ranar ya gama amfani.

Ƙanen nawa ya koma ya sake rubutawa, ya dawo shafi tara. Yana jiran abin da malaminsa zai ce, ni ma ina jira.

Kai kuma da ke shirin naka, ga ɗan aikin gida. Kafin ka rubuta kanu ko ɗaya, ka je wurin mahaifiyarka ko wani dattijo da bai yi boko ba, ka faɗa masa cikin jimla ɗaya abin da kake son ganowa, da inda za ka neme shi. In ya gane har ya ce, "Af, ai kuwa je ka ga wane, ya san wannan," to ka sami batu. In ya ce, "Me kake nufi?" to koma ka sake zama.

Mai so ya rubuto tasa jimlar mu duba tare. Malamanmu na jami'a da ke nan, in na yi kuskure a gyara mini, ɗalibi ne ni har gobe. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba masu rubuta kundi sa'a. Amin.